Lensi mai faɗi don ƙwallo da hoton duwatsu: mu yi lissafi kafin a tura kuɗi

Zuwa ga 'yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman mu na Badun da maƙwabtanmu na Ife da Abekuta da Legas. Rubutun yau dogo ne, wanda ke cikin lacca ya adana shi sai an fito.

Tun da aka shiga kakar wasannin hostal-hostal, mutum huɗu sun tare ni da tambaya iri ɗaya: wane gilashin kyamara, wato lensi, mai faɗin gani za su saya, wanda zai ɗauki ƙwallo a fili kuma ya ɗauki duwatsu da ruwa in an fita yawon buɗe ido? Dukkansu kyamara irin tamu ta ɗalibai gare su, Canon ko Nikon ta hannu, da ɗan lensin nan 18-55 da take zuwa da shi. Biyu daga ciki sun faɗa min kuɗin furojet za su taɓa, da niyyar su mayar in hotunan bikin yaye ɗalibai sun kawo. Shi ya sa na ga ba maganar da za a amsa da layi biyu ba ce.

Ra'ayina dai shi ne, lensi mai faɗi kayan aiki ne mai kyau, ni ma da shi nake ɗaukar mafi yawan hotunan aikin fili, tunda digiri na biyun da nake yi a fannin labarin ƙasa ne. Amma wanda ya saye shi don ƙwallon ƙafa, lauje ya saya zai sari bishiya. Ko a hoton ƙasa ma, ba duk abin da ake zaton zai yi yake yi ba.

Mu fara da lambar da ke jikin lensi, mai mm a ƙarshe. Ƙaramar lamba gani mai faɗi take nufi, babba kuma zuƙo nesa. Sai dai lambar ba ta aiki ita kaɗai, sai an haɗa da girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai a cikin kyamara. Manyan kyamarori irin Canon 5D da 6D ko Nikon D750, sensarsu milimita 36 ce a 24. Namu, su Canon 600D, 700D, 1300D, 2000D da Nikon D3200, D3500, D5300, sensarsu ƙarama ce, tsakiyar hoton kawai take kamawa. Don haka in kana son sanin ainihin faɗin da za ka samu, ninka lambar da 1.6 in Canon ce, da 1.5 in Nikon ce ko Sony ko Fujifilm. 18mm na lensin da ya zo da kyamararka ya koma kamar 29 a Canon, 27 a Nikon. 10mm ya koma 16 ko 15. A baki, tsakanin 18 da 10 kamar ba wani abu, a ido kuwa wata duniya ce. Daga kusurwa zuwa kusurwa, 18mm yana ganin digiri 74 zuwa 76, 10mm yana ganin 107 zuwa 109.

A nan tarkon farko yake. Akwai mai son ya ga jan zoben nan na Canon a bakin kyamararsa, sai ya ci karo da EF 17-40mm ko 16-35mm, mai shago ya ce masa ai wannan mai faɗi ne, na ƙwararru. Bai yi ƙarya ba, amma a babbar sensa suke da faɗin. Ka ɗora 17-40 a kan 700D, 17 ya koma 27, alhali wanda ke jakarka tun farko yana ba ka 29. Ka zubar da kuɗin da zai riƙe ka zango guda don ƙarin milimita ɗaya. Gilashin ya fi naka inganci, ba musu, amma faɗin da ka fita nema ba ka dawo da shi ba. A ƙaramar sensa, in lambar ba ta fara daga 10, 11 ko 12 ba, kar a kira maka shi mai faɗi.

To, ƙwallo. Filin ƙa'ida tsawonsa mita 105, faɗinsa 68. Kana bakin layi, yawancin abin da ke faruwa yana nisan mita 30 zuwa 60 daga inda kake. Mu ɗauki mita 50, da ɗan wasa mai tsayin mita 1.8. Girman da zai fito a kan sensa shi ne lambar lensi sau tsayinsa, a raba da nisansa. Da 10mm, 10 sau 1.8 a raba gida 50, ya ba da milimita 0.36. Tsayin ƙaramar sensar Canon bai cika milimita 15 ba. Ke nan ɗan wasan bai kai kashi 3 cikin 100 na tsayin hoton ba. A kyamara mai megafiksel 24, wajen fiksel 100 ke nan daga kansa zuwa tafin ƙafa. Fuskarsa ba za ta ganu ba, balle ka tura masa ya biya ka. Sa 250mm a wannan lissafin, ka samu milimita 9, ya cika kashi 60 cikin 100 na tsayin hoton, har gumin goshinsa ana gani.

Wani zai ce ai sai in yanko shi a kwamfuta. Ka yanko me, malam? Fiksel 100 in ka buɗa su, tabo-tabo za ka gani.

Amma fa ka juya lissafin. In ɗan wasan yana mita 3 daga gabanka, 10mm zai ba ka milimita 6, kashi 40 cikin 100 na hoton, ga fili da sama da 'yan kallo duk a bayansa. Wannan shi ne aikin lensi mai faɗi a wasanni, kuma babu mai zuƙo nesa da zai iya shi. Ƙarƙashin kwando a ƙwallon kwando, ka tsuguna ka ɗaga kyamarar sama, wanda ya yi tsalle sai ka ce tashi zai yi. Gefen sandar raga a ƙwallon raga. Ƙwallon tebur. Dambe da kokawa in an koma gida, inda da'irar ƙarama ce kuma makaɗa da 'yan kallo rabin labarin ne. A ƙwallon ƙafar ma akwai wurarensa: mai bugun kwana in kana kusa da tuta, 'yan wasa sun haɗa kai suna addu'a kafin a take, murnar cin ƙwallo in sun rugo ta wajenka, magoya baya da gangunansu, ɗaga kofi. Hotunan nan na gasar cin kofin duniya da kuke gani daga bayan raga, ƙwallo na shiga gola na shawagi, kyamarori ne masu lensi mai faɗi da ake ajiyewa a ƙasa bayan raga ana harba su daga nesa. Masu su kuwa suna zaune a gefe da 400mm a hannu, da shi suke ɗaukar sauran wasan. Ku je Lekan Salami a Adamasingba ranar da Shooting Stars ke wasa, ku kalli abin da ke hannun masu hoton jarida, za ku gani da idonku.

Gargaɗi ɗaya ga mai son matsawa kusa. Lensi mai faɗi yana nuna abu kamar yana nesa alhali ya iso. Kana leƙe kana ganin ɗan wasa can, ashe saura taku biyu ya hau ka. Bar ɗaya idon a buɗe, sa hular bakin lensi ko da babu rana, kuma ka gaisa da alƙalin wasa kafin a fara, ya nuna maka iyakarka. Ƙwallo ɗaya ta isa ta raba ka da lensin da kyamarar gaba ɗaya.

Sai maganar haske, wadda ita ce ke raba lensi mai araha da mai tsada. Don ka tsayar da motsi, dole kyamara ta ƙifta da sauri. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. A ƙiftawar 1/250 ta matsa santimita 11, rabin faɗinta ke nan, sai ta fito kamar ƙwai. A 1/1000 ba ta kai santimita 3 ba. Shi ya sa masu hoton ƙwallo ke zama a 1/1000 ko sama, na cikin zaure kuma su lallaɓa da 1/500. Ƙiftawa mai sauri tana son haske mai yawa, hasken kuma ta ƙofar lensi yake shiga, wato lambar nan mai f. Ita ma a juye take: f/2.8 ya ninka f/4 haske sau biyu, ya ninka f/5.6 sau huɗu. Da rana tsaka wannan ba damuwa ba ce, f/5.6 a ISO 100 zai ba ka wajen 1/800. Matsalar ita ce wasanninmu ba da rana tsaka ake yi ba. Sai an tashi lacca, ƙarfe huɗu ko biyar, a garin da damina ke rufe sama da gajimare wata da watanni, kuma magariba in ta tashi faɗuwa ba ta jira. Hoton da f/2.8 zai ɗauka a ISO 1600, f/5.6 sai ya hau 6400, kuma duk mai tsohuwar 600D ko D3200 ya san irin yashin da ke cika hoto a 6400.

Kar kuma harafin IS na Canon ko VR na Nikon ya ruɗe ku. Rawar hannunka yake gyarawa. Ɗan wasan da ke gudu ba ruwansa da shi. Yana da amfani a hoton gini da yamma, ko bidiyo kana tafe, amma a wasa saurin ƙiftawa ne kawai ke aiki.

Mu koma hoton ƙasa, inda kowa ya ɗauka mai faɗi ne sarki. Abin da lensin ke yi shi ne ya kumbura na kusa, ya ƙanƙantar da na nesa. Wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ɗauki Dutsen Zuma da 0.5 ɗin wayarsa ya san abin da nake nufi: dutsen da ya cika ido sai ya koma kamar tsibin gyaɗa, kwalta da sama sun cinye hoton. Haka in ka hau hasumiyar Bower da ke kan Oke-Are, wadda aka gina a 1936. A ido, jajayen rufin kwanon Badun sun bazu iyakar gani. A 10mm za ka samu faɗin garin, amma rufin da ka hau dominsu sun zama ɗigo-ɗigo. Hoton da ke tsayar da mutum daga can sama, wanda rufi ke hawa kan rufi, zauren Mapo ko Cocoa House ya leƙo daga tsakiya, da 100mm ko 200mm ake ɗaukarsa. Ga wanda bai sani ba, mai zuƙo nesa ma lensin hoton ƙasa ne, kuma a wurare masu tudu irin ƙasar Yarabawa yakan yi rabin aikin.

Inda mai faɗi ba shi da na biyu shi ne wurin da ba ka da damar ja da baya. Magangarar ruwan Erin-Ijesha a jihar Osun, kana cikin kwazazzabo, ruwa na zubowa daga sama, bishiyoyi sun rufe ka, 18mm ba zai haɗa maka ƙasa da sama ba. Lungunan cikin Dutsen Olumo a Abekuta. Matakalar Idanre a jihar Ondo, mai taku sama da 600, in kana son matakalar a ƙarƙashin ƙafarka da garin can ƙasa a hoto ɗaya. Tafkin da ke kan dutsen Ado-Awaye. Cikin masallaci, cikin ɗakin karatu, cikin zauren taro. Sharaɗin dai ɗaya ne a ko'ina: ka nemo abin da zai zauna a gaba, kusa da kai sosai. Dutse mai tsagewa, saiwar bishiya, kwalekwale a bakin madatsar Eleyele, ko abokinka da ya juya baya yana kallon nesa. Ka durƙusa, ka matsa har ka ga kamar ka yi kusa da yawa, sannan ka ƙara taku ɗaya. Hoton 10mm da aka ɗauka a tsaye, daga tsayin ido, babu komai a gaba, shi ne irin wanda ake gogewa in an dawo hostal.

Ga wani abin da ya shafi aljihu kai tsaye. A hoton ƙasa ba a buƙatar f/2.8. Yawanci f/8 ko f/11 ake sawa don komai ya fito tas. A 10mm da f/8, in ka saita fokas a kan abin da ke mita ɗaya, daga ƙasa da rabin mita har ƙarshen gani duk a fili suke. A wannan ƙofar, lensi mai araha da mai tsada sai mai bin diddigi zai bambance su. Wato mai hoton duwatsu da ya biya kuɗin f/2.8 ya sayi abin da zai riƙa rufewa da hannunsa kullum, sai fa in taurari yake son ɗauka da dare, wanda a Badun gajimare da fitilun gari ba sa bari sai an fita can.

Lensin yana da halayensa da ya kamata a sani tun kafin a biya. In ka ɗaga shi sama kaɗan, gine-gine sai su kishingiɗa baya, Cocoa House mai hawa 26 ya koma kamar zai faɗi. Duk abin da ke gefen hoto yana miƙewa, don haka a hoton ƙungiya wanda aka sa a ƙarshen layi sai ya yi ƙibar da bai ci ba, kansa ya yi tsawo. Kar ka sa shugaban ƙungiya ko baƙon da aka gayyato a gefe, ka ji. Filtar nan mai duhunta sama, a 10mm tabo take yi, wani ɓangaren shuɗi mai duhu wani fari. Lokacin hunturu kuma hazo yana shafe duk abin da ke nesa, babu lensin da ke maganinsa, sai dai ka jira bayan ruwan sama. Akwai kuma abin da ya wuce fasaha. Lensin da ke ganin digiri 107 yana kwaso mutanen da ba su san suna ciki ba, kuma don ka ɗauki mutum da shi sai ka shige masa sosai. A taronmu, musamman ɓangaren 'yan'uwa mata, a nemi izini kafin a matsa, a kuma duba gefen hoto kafin a ɗora. A kasuwa ko unguwar mutane ma haka, gaisuwa da tambaya ba sa cin kuɗi.

Yanzu sunaye. Ga mai Canon ƙarama, EF-S 10-18mm f/4.5-5.6 IS STM, wanda ya fito a 2014 a kan kusan dala 300, nauyinsa giram 240. Bakinsa roba ne, amma hotonsa ya fi kuɗinsa, fokas ɗinsa shiru, ya dace da bidiyo. Ba ya hawa 5D ko 6D, wanda ke shirin komawa babbar sensa ya sani. Ga mai Nikon, takwaransa shi ne AF-P DX 10-20mm f/4.5-5.6G VR na 2017, giram 230. A nan ku buɗe kunne: lensin AF-P ba ya aiki a D3000, D3100, D3200, D5000, D5100, D90 da D7000. Zai hau, amma ba zai yi fokas ba, ko da hannu ka murɗa, don zoben nasa ma da lantarki yake aiki. D3300 da D5300 sai an sabunta musu manhajar ciki. D3400, D3500, D5600, D7500 da D500 ba su da matsala. Mai ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya nemi Sigma 10-20mm, akwai mai f/4-5.6 akwai mai f/3.5.

Sai Tokina 11-16mm f/2.8, wanda shi ne ya fi kusa da amsa tambayar da aka yi min, tunda ga faɗi ga haske. Ƙarfe ne, ya haura rabin kilo, ba shi da mai hana rawar hannu, zuƙowarsa gajera ce, kuma in rana ta shigo masa ta gaba yakan yi ƙyalli. Shi ma da nasa tarkon a Nikon: na farkon ba shi da injin fokas a cikinsa, don haka a jerin D3000 da D5000 duka sai dai da hannu. Wanda aka rubuta wa II shi ke da injin. Ƙaninsa 11-20mm f/2.8 ya fi shi sakewa, sai dai bakin filtarsa 82mm ne, filta mai wannan girman kuwa kuɗi ce. Masu sababbin kyamarori marasa madubi, Canon tana da RF-S 10-18mm, Nikon tana da Z DX 12-28mm, akwai kuma Sigma 10-18mm f/2.8 da Tamron 11-20mm f/2.8, amma na san a cikinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma su ba kuɗin furojet suke taɓawa ba. Samyang ko Rokinon masu fokas da hannu suna da kyau a duwatsu da taurari, a wasa kuwa wahala za ka sha.

In ni aka ba zaɓi a madadin waɗancan mutum huɗu, ga yadda zan raba. Wanda ƙwallon ƙafa ce ta kawo shi, kuma yana son hoton da 'yan wasa za su biya, ya manta da mai faɗi a yanzu. Ya nemi Canon EF-S 55-250mm IS STM, ko Nikon AF-P DX 70-300mm mai VR in kyamararsa na karɓa. 250 a Canon kamar 400 ne, 300 a Nikon kamar 450. Shi ne kuma zai yi masa hoton mutum ɗaya-ɗaya ranar yaye ɗalibai, bayan ya narke, wanda shi ne hoton da ke kawo kuɗi a makaranta. Duwatsu fa? 18mm ɗin da yake da shi ya isa farawa. In wuri ya fi ƙarfinsa, ya juya kyamarar a tsaye, ya ɗauki hoto huɗu ko biyar a jere, kowanne ya hau kashi ɗaya cikin uku na ɗan'uwansa, ya ɗinke su a Lightroom ko Hugin, wanda kyauta ne. Dutse ba ya gudu, zai jira ka.

Wanda tafiye-tafiye da gine-gine da taron cikin zaure suka fi damunsa, wasa kuma sai jefi-jefi, ya ɗauki 10-18 ko 10-20 ɗin nan marasa nauyi. Hawa Idanre da ƙarin giram 240 da hawa da ƙarin rabin kilo ba ɗaya ba ne, ƙafa ce za ta gaya maka. Wanda kuma wasansa na kusa ne, kwando, raga, dambe, a zaure ko da yamma lis, kuma an san shi har ana barinsa ya tsaya bakin layi, shi ne kaɗai zan ce ya biya kuɗin f/2.8. In babu damar matsawa kusa, hasken ma ba zai cece shi ba.

Kafin ka yanke, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. In wayarka ko ta abokin ɗakinka tana da 0.5 ko 0.6, faɗinta ya yi kusa da na 10mm, wasu ma sun ɗan fi. Yi sati guda ba ka ɗaukar komai sai da ita, ka je wasa biyu, ka zaga makaranta. Ranar bakwai ka ƙirga hotunan da za ka iya nuna wa mutane. Sannan ka buɗe tsofaffin hotunanka na kyamara ka duba bayanansu. In yawanci a 55mm ka ɗauke su kana ta yankewa, nesa kake nema. In a 18mm suke kuma kullum bango ne ke tare ka ta baya, to faɗi kake nema.

Farashi ba zan rubuta ba, don tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan kyamara dala suke bi, abin da na faɗa yau jibi ya zama tarihi. Kusan dukkanmu na hannu za mu saya, tokumbo kamar yadda ake cewa a nan, ko a Jiji, ko a Dugbe, ko a sauka Computer Village a Ikeja. Ko'ina ne, tafi da kyamararka da katinka, kar ka gwada a ta mai shago. Cire murfi biyun, kunna tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lensi yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ke nan, ko wani farin hazo a cikin gilashin. Murɗa zoben zuƙowa daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Gwada fokas a kusa da nesa sau da yawa. Ka fito waje ka ɗauki gini mai nisa da ƙofar a buɗe gaba ɗaya, ka buɗa kusurwoyi huɗun a allon kyamara. In gefe ɗaya tas ne ɗayan dishi-dishi, lensin ya taɓa faɗuwa ko gilashin ciki ya goce, kuma masu faɗi sun fi saurin nuna wannan. Duba bakin da filta ke ɗaurewa, in ya lotsa, ya sha ƙasa. Kar ka tura kuɗi kan hoto da alkawarin za a saka a mota, komai daɗin bakin mai sayarwa, kuma in da mutum za ku haɗu, a haɗu a bainar jama'a da rana.

Fumfunar nan ku ɗauke ta da gaske, don mu da muka taso a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba mu saba da ita ba. A gida ƙura ce abokiyar gabarmu, a nan laima ce. Wanda ya ga yadda takalmin fata ke yin fari a ƙarƙashin gado a watan Yuli ya san me nake faɗa, abin da ke cin takalmin shi ke shiga lensi, kuma in ya daɗe yana cinye rufin gilashin, goge-goge ba ya mayar da shi. Kar ka bar kyamara cikin jaka a kabad tsawon damina. Sami robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, ka zuba ƙwayoyin silika, irin ƙananan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na waya, ka riƙa busar da su ko canza su. In an dawo daga Erin-Ijesha ko ruwa ya taɓa ku a fili, a bar kayan su sha iska kafin a rufe. In an tafi hutu gida lokacin hunturu kuma, kar a canza lensi a fili iska na kaɗawa, kuma a hura ƙura da 'yar robar hurawa kafin a sa ƙyalle, ban da bakin riga.

Ni Canon 10-18 ne a hannuna da 55-250, wani ɗan ajinmu kuma yana da Tokina mai bakin Nikon, ya ce ba ya ƙi a gwada. Ranar Asabar akwai wasa da yamma, za mu kasance ta bayan ragar da ke kusa da ƙofar shiga tun bayan la'asar. Mai niyyar saye ya zo da kyamararsa da katinsa ya ɗauki rabin lokaci da kowanne, ya koma ɗaki ya duba a kwamfuta. Masu Nikon su turo min lambar kyamararsu tun yau, in duba musu ko AF-P zai yi aiki a kanta.